Gurbi Mai Launin Toka

Gurabe saba'in da huɗu aka ba ni
in jera su a fom ɗaya,
kamar a ce wa mai shago a Kasuwar Barci
ya baje hajarsa duka a kan faifai.

Suna, sunan uba, unguwa,
lambar fayil, sashen aiki,
magaji na ɗaya, magaji na biyu,
har da wanda aka manta amfaninsa:
girman takalmin aiki.
Istifanus ya ce a goge shi.
Na ce bar shi, ai ba ya cin tuwo.

Na raba su ɗaki-ɗaki
yadda Inna ke raba kwanuka:
na kullum kusa da hannu,
na baƙi can a ƙuryar kabad,
don Talatu mai shigar da bayanai
idonta ba ya son dogon gangare,
layin tsofaffi kuma a baranda
ba ya jiran linzami ya gama yawo.

Sai umarni ya sauko daga bene:
gurabe tara a kulle su.
A gani, a karanta, kada a taɓa.
Oga ya ce ɓarawon alƙalami
ya fi mai haura katanga ɓarna.
Na shafa musu launin toka,
na toshe musu ƙofa,
na ji daɗin aikina.

Ranar Laraba bayan la'asar,
janareto na tari a bayan ofis,
na jawo layi ɗaya don gwaji
cikin tsofaffin ma'aikatan masaƙa.
Su dubu shida ne. Ba ni na zaɓa ba.

Tanimo Jibo.
Sashen rini. Shekara ashirin da ɗaya.
Takalmi: arba'in da uku.

Tanimu ne.
Na san shuɗin da ya ƙi barin faratansa
har ranar da aka yi masa wanka.
Na san takalmin, yana ƙarƙashin gadon Inna,
ƙafa ɗaya ta buɗe baki.
Wani akawu ne, tun ba a haife ni ba,
ya rufe bakin u ta sama, ya koma o.
Sau uku banki na maido shi a kan haka,
ya hau bas daga Kakuri, ya tsallaka gada,
ya dawo da takardarsa a ninke.

Na kai linzami kan gurbin.
Na danna. Shiru.
Na sake dannawa,
kamar mai sallama a gidan da ya san ba kowa.
Ni na gina katangar nan
da hannuna, ranar Litinin.

Ina da makullin ƙofar baya, ba ƙarya.
Harafi ɗaya ne, ƙiftawar ido.
Amma in na bi ta baya yau don ubana,
gobe wa zai bi, kuma don wa?

Sai na koma tushen fom ɗin
na ƙara gurbi na saba'in da biyar,
fari, mai faɗi, a ƙarƙashin masu tokar:
in akwai kuskure a sama, rubuta nan,
ka sa sunanka.
Ni na fara cike shi.

Istifanus ya leƙo: an tashi, za a kashe inji.
Na ce a ba ni minti ɗaya,
ban gama da Baba ba.