Ƙidaya Kafin Rufewa

Bishop ya miƙo mini takarda da makullai goma sha ɗaya.
Ya ce, Fada Tanimu, je ka Scranton ka ƙirgo,
bayan Ista za a rufe cocin.

Na ƙirga bencina, tamanin da huɗu,
katakon durƙuso ya lotsa inda gwiwoyi suka saba sauka.
Tagogi masu launi, sha biyu,
ɗaya ta tsage daga kafaɗar Waliyyi Yusufu har gindin sandarsa.
Ƙararrawa ɗaya. An hana kaɗa ta
tun ranar da hasumiya ta fara karkata.

Ina cikin rubutu tsohuwa Jadwiga ta shigo,
sandarta na ƙwanƙwasa daɓe.
Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, ka rubuta kakana?
Ta ja ni gindin taga ta bakwai,
ta goge ƙura da bakin gyalenta, suna ya fito.

Ta ce, shuɗin nan albashin wata uku ne.
Kullum yakan fito daga ramin kwal baƙi ƙirin, sai idanu.
Ya ce kafin ƙirjinsa ya gama cika
yana so ya ga rana ta ratsa wani abu.

Takardar bishop ba ta da gurbin wannan.

Da daddare suka haƙa harsashin, in ji ta,
bayan an tashi aiki, da shebur na aro.
Dubi sama. Na duba:
rufin kamar cikin kwalekwalen da aka kife.
Masassaƙin a bakin teku ya koyi sana'a,
da aka ce ya yi wa Ubangiji ɗaki
sai hannunsa ya yi abin da ya sani.

Ban gaya mata ba
cewa namu, can bayan Malumfashi, jar laka ce da azara,
kwanon rufi ya fi katikis murya in ana ruwa,
ƙararrawarmu ƙarfen tayar mota ne rataye a darbejiya,
mutane kuwa har bakin rijiya suke tsayuwa.
Nan, ran Lahadi, mu tara ne.
Har da ni.

Wajen ƙarfe huɗu rana ta sauko ta yamma.
Shuɗin ya bar gilashi, ya bi ta kan benci,
ya zauna a bayan hannunta
tsakanin jijiyoyi da zoben aure.
Ta bar shi a nan. Ni ma na ajiye biro.

Da za mu fita, makulli ya ƙi juyawa.
Na murɗa, na sake murɗawa, gumi a cikin sanyi.
Ta yi tsaki, ta ture ni gefe:
sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa tukuna, yaro,
haka take tun ina 'yar shekara shida.

A gefen takarda, ƙasa da lissafin kyandirori,
na rubuta: ƙofa tana buƙatar gwiwa.
Ban san wa zai karanta ba.