Allon Sanarwa

Ni ke riƙe da makullin allon gilashi
a ƙofar tsangayar kasuwanci, nan Kongo.
Duk labarin da zai shiga idon jama'a
sai ya bi ta tafin hannuna tukuna,
ni da 'yan ƙusoshina cikin gwangwanin madara.

Litinin da hantsi aka miƙo mini takarda biyu.
Ta farko mai sheƙi ce, har da launi:
Dokta Hashimu Kallamu ya zama farfesa.
Ga hoto, hula ta zauna daram,
ga binciken da ya kai shi can:
wai ma'aikaci na da 'yancin cin guminsa
ba sai ƙungiya ta ɗanɗana masa ba.

Ta biyu da biro aka rubuta ta.
Lantana mai shara ta kwanto daga bakin zani:
taron ƙungiya ranar Laraba, gindin darbejiya,
kan albashin wata uku da ya ɓace a hanya.

Allon ba shi da faɗi.
Sai na jera su kafaɗa da kafaɗa,
ƙusa ɗaya ta huda kunnen duka biyun.

Ba ni da ta cewa a kan Dokta.
Shi ya biya allurar ɗana a Shika bara.
Na sha jin sa ta taga yana tambayar ɗalibai:
don me za a yanki ɗari biyar
daga aljihun da bai ce a yanka ba?
Nakan gyaɗa kai, tire a hannu,
don na ga sabuwar motar sakataren ƙungiya,
na kuma san ba gado ya ci ba.

Amma fa ubana leburan reluwe ne a Sabon Gari.
Ran da taragu ya cinye masa yatsu biyu,
wani kati mai maiƙo ne ya yi magana a madadinsa.
Kwanon da ke kanmu a Muciya
kuɗin yatsun nan ne,
har yau in ana ruwa ina jin su suna ƙwanƙwasawa.

Barau kuwa ya zaɓi 'yanci.
Ya dangwala wa ɗan kwangila hannu,
ɗari biyar ɗinsa ta dawo, ya sha tsire.
Da aka sallame shi, shi kaɗai ya je ofis,
ya zauna a benci tun safe har la'asar,
babu wanda ya hana shi magana,
babu kuma wanda ya ji.

Laraba ta zo da rigima:
walimar Farfesa ƙarfe huɗu,
taron su Lantana ƙarfe huɗu,
kujerun roba talatin ne kacal a sito.
Na kai ashirin zaure,
goma na sulale da su bayan gini.

Yana wucewa da malum-malum ya tsaya duba hotonsa,
sai idonsa ya zame gefe.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Wata uku? in ji shi. Wa ya sani?
Na ce, ranka ya daɗe, duk mai shara ya sani.

Ya zagaya gindin darbejiya,
hannunsa ya riga shi shiga aljihu.
Lantana ta russuna, ta ce Allah ya sanya alheri,
amma ba sadaka muka fito nema ba, Farfesa,
ga takarda, ga biro.

Ban ga ƙarshen abin ba.
An ƙwala mini kira, lemo ya ƙare a zaure.
Na dai bar shi tsaye, biro a hannu,
yana karantawa a hankali, layi bayan layi,
kamar ɗalibin da jarrabawa ta zo masa
daga babin da bai buɗe ba.