Kifin da Kawu Lawali Bai Kawo Ba

Kawu Lawali ya dawo daga Kwatano
da rediyo mai karyayyar eriya
da wani tabo a tafin hannu,
farin layi, kamar an ja da reza.
Ya ce igiyar fatsa ce ta yi masa.

Da hantsi muna bakin tafkin Gidimuni,
ni da gwangwanin tana,
shi a kan kututturen dabino
yana ɗinkin birgin da ɓera ya ci.

Ya ce: "A can akwai wani kifi,
bayansa zane-zane,
kamar rubutun allo da ruwa ya taɓa.
Yana kama da mai tsada, amma ba shi ba ne.
Namansa baƙi, matan kasuwa na yatsina,
duk da haka maza na hana idonsu barci dominsa.

Ba a ruwa ake neman sa ba. Sama ake duba.
Inda tsuntsaye suka rikice suna faɗowa,
nan yake korar ƙanana.
Ruwa ya tafasa kamar tukunyar ɗanwake,
kafin ka ce kwabo ya huce.

Kashe inji tun daga nesa.
Ba a tsere da shi.
Karanta inda ya dosa, ka riga shi.
Kada ka jefa tsakiyar garke,
jefa gabansu, taku goma.
Ɗan ƙarfe mai walƙiya, tsawon yatsa,
igiya siririya,
don idonsa ya fi na mai canji a kasuwar Dole.
Sai ka ja, ka ja da sauri,
kamar abin yana gudun ceton rai."

Washegari na ɗauke cokalin shayin Inna,
na karya mariƙin, na huda da ƙusa,
na goge da toka har ya ɗauki ido.
Na sami zalɓe tsaye cikin kacalla,
na auna taku goma gabansa,
na jefa, na ja.
Ciyawa.
Na jefa, na ja.
Silifa ƙafar hagu, ta ƙaramin yaro.
Zalɓen ma bai ga dalilin tashi ba.

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Tarwaɗa ba ta tsere, yaro,
kwanciya take a laka tana jiran rabonta.
Sa tana. Zauna."

Na zauna.
Kafin azahar mun kama uku da karfasa ɗaya,
na miyar dare, da ɗan saura.

Amma da balbelu suka taso daga gabas
suka yi kwana a kan ruwa,
na ga ya miƙe tsaye, allura a baki,
babban yatsa na shafa tabon,
idonsa can gaba da garken,
inda babu komai sai inuwar dabino.

Da dare Inna ta ƙirga cokula.
Kawu ya ce shi ya ara.