Jarrabawar Gobe

Na dawo daga makarantar Jahun
da kalmomi huɗu a bayan littafi:
kamance, siffantawa, mutuntarwa,
ta huɗun akuya ta haɗa da takarda ta cinye.

Ina hadda a gindin rumbu
Iya Tabawa ta leƙa rijiya, ta ja tsaki:
"Yau kuma da rowa ta tashi."
Baffa Haladu ya shigo daga fadama:
"Alkama ta sunkuyar da kai kamar suruka,
rana kuwa tun hantsi take zagina."

Na ce, Iya, kin san abin da kika yi?
Malam ya ce sunansa mutuntarwa.

Ta ce, "Sunansa ƙishirwa.
Ɗauki guga, ɗan boko,
je ka lallashe ta."