Giram Uku

Tun asuba ruwan Dundee bai ɗauke ba.
Ta shigo, lemarta na ɗiga a bakin ƙofa,
ta ajiye tsohon gwangwanin taba a gabana
kamar mai ajiye ƙwai.
"Lambar yaƙin kakana ce. Dod Tulloch.
Ba sayarwa zan yi ba, sani kawai nake so."
Duk haka suke cewa.

Shekara arba'in da ɗaya ina wannan kanti.
Sunana, Gourlay, ya koɗe a jikin gilashi,
kunnena dai bai koɗe ba.
Shi nake fara tambaya kafin ido.
Na ɗora ta a kan yatsa, na taɓa ta da gindin fensir.
Azurfar gaske doguwar murya gare ta,
takan zaga ɗaki, ta je ta kwanta bayan agogo.
Wannan ta ce "tak", ta yi shiru,
kamar yaron da aka tambaya ya sunkuyar da kai.

Na kafa madubi a ido.
Gemun sarki ya narke, gashi ya cuɗe da gashi.
A baya, kofaton doki ya dushe,
ga ramuka mitsi-mitsi kamar zanzana
inda iska ta maƙale lokacin zubi.
Ta gaske inji ke bugawa, bugu mai tsawa.
Wannan a cikin yashi aka haife ta.
Ga layin gami a gefe, an bi shi da magagari,
an yi ƙoƙari, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.
Sunan ma hannu ya sassaƙa,
L biyun nan ba tsayinsu ɗaya ba.

Sikeli ba ya jin kunyar kowa.
Giram uku babu.
Kama da wane ba ta wane.

Har na buɗe baki, sai ƙyallen ya tare ni.
Mai jabu kan saya wa kaya tsufa a dare ɗaya,
da ruwan shayi, da hayaƙin kyandir.
Wannan tsufan ba na saye ba ne.
Na ƙirga hujin allura, na ɓace a talatin da wani abu,
kowane huji Nuwamba guda,
ranar da tsofaffin soja ke tsayuwa cikin sanyi babu hula.
Kuncin sarki kuwa ya lotsa,
babban yatsan mutum ɗaya ya cinye shi a hankali.

Ƙarƙashin audugar gwangwanin
akwai takarda, ninki huɗu, ta yi launin ƙasa.
Rasiɗin jingina ne. Sule huɗu. Janairun 1931.
Ba a je fansa ba.

Ta karɓa, ta karanta sau biyu.
"Lokacin da masaƙar buhu ta sallame shi," in ji ta.
"A wannan hunturun aka haifi uwata."

Ban ce komai ba. Ina ganinsa:
ya fito daga kantin jingina, aljihun ƙirji fayau,
ya sayi kwal, ya sayi madara,
sannan ya bi ta bayan maƙera wurin wani aboki
ya ce, rufa mini asiri.

"To jabu ce ke nan?"
"Ƙarfen, i."
"Shi fa?"
"Baiwar Allah, sikelina ba ya ɗaukar mutum."

Ta naɗe abarta, ta fita, ta manta lema.

Na jawo littafin kanti na rubuta:
zubin yashi, ba ta kai kuɗin shayi ba.
Gaskiya ce, da ita nake cin abinci.
Ta asalin tana can wani wuri,
cikin aljihun teburin mai tara kaya,
nauyinta cif, muryarta garau,
ba a taɓa ta sai da safar hannu.

Lemar na nan bayan ƙofa. Mako uku ke nan.