Mesa a Kan Kwano

Likita ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa,
ruwa zai ɗauke mata nauyin ƙafar da ta ƙi ta.
Ya rubuta, ya miƙo, ya kira na gaba.
Bai gaya mini cewa a Gaundare
ruwa ma da sanyi yake kwana ba.

Na sare gwaibar tsakar gida, na haƙa kwami,
taku shida a tsaye, huɗu a kwance,
zurfinsa iya ƙirjin Astajam.
Siminti buhu goma sha ɗaya, biyu bashi ne har yau.
Maƙwabta suka leƙo ta katanga:
tsohon makanikin jirgin ƙasa ya gina otal!

Ran farko ta tsoma yatsa ɗaya, ta janye,
ta dube ni da rabin fuskar da ke motsi.
Shekara talatin da huɗu ina karatun shirunta,
wannan ban nemi fassara ba.

A kantin bayan tasha na tambayi injin ɗumama ruwa.
Yaron ya faɗi kuɗi, na ce maimaita.
Fanshon wata bakwai,
ban da abin da mita za ta lashe,
ga wutar da ke zuwa ran da ta ga dama.
Na gwada itace, tukunya uku a tafashe,
kwamin ya haɗiye su, ko gyatsa bai yi ba.

Hamaselbe mai wankin mota ne ya ba ni amsa, bai sani ba.
Ya buɗe tiyonsa da azahar,
ruwan farko ya ƙona masa hannu, ya zagi rana.
Ni kuwa na tsaya ina kallon hannun.

Baƙar mesa ta gwanjo, mita ɗari, faci tara.
Na hau tsani da gwiwoyin nan nawa,
na naɗe ta a kan kwano kamar gammo,
na ɗaure da waya kada iska ta yi mini wasa.
Ɗan famfon da na ciro daga mataccen injin wanki
shi ke tura ruwa sama,
ya zaga, ya zaga, ya sha rana,
ya sauko a hankali kamar mai jin kunya.
Jikoki suka tsinto gorunan roba,
muka shafe su da baƙin fenti, muka jera a bakin katanga,
da la'asar su juye suna faɗa kan wa ya fi yawa.
Magariba na yi, in ja tamfol in lulluɓe,
don dare maroƙi ne marar kunya:
abin da rana ta ba ka, shi yake zuwa karɓa.

Ba ni da ma'auni. Gwiwar hannu nake tsomawa,
yadda na ga tana yi da ruwan wankan 'ya'yanmu
lokacin ina sauri, jirgi na jira, ban tsaya na koya ba.
Ashe ido ya riƙe.

A Agusta rana kan yi mana yaji kwana huɗu,
gajimare ya zauna a kan dutsen garin ya ƙi tashi.
Sai mu zauna mu ma, mu sha shayi,
mu saurari kukan jirgin yamma.

Laraba ce. Ƙarfe uku da wani abu.
Ta shiga har ƙugu, ba ta janye ba.
Ɗaya. Biyu. Hannunta a kafaɗata.
A na huɗu ta sake ni.
A na shida ta dafa siminti, ta juyo,
ta tattaro harshen nan mai nauyi,
na matso, na zaci godiya ce.

Ta ce: "Gwaibata fa?"

Da safe na tafi neman dashe.