Mabuɗin Yana Aljihun Bappayo

Da la'asar na sallami tsohuwar manhaja,
wadda sai na gama shan shayi
kafin ta buɗe min shafi guda.
Bappayo ya ara min filashinsa mai jan murfi,
ya ce, "Wannan sabuwar ba ta da nauyi,
ko jaki mai gyambo zai ɗauke ta."

'Yar kwamfutar tawa ba ta fi littafin rasit girma ba.
Harafin m ya goge tun bara,
ƙugunta ɗaure da salatif,
amma a cikinta Tudun Hatsi ke kwana:
buhun wake nawa ya tafi Aba,
wa ya biya, wa ya ce sai Laraba.
Na keɓe musu ɗaki a faifai, na ce kar a taɓa.

Aka gama zubi. Ta tashi garau.
Na kashe, na zare filashi, na yi godiya,
mai shi ya hau motar Bajoga.

Bayan isha'i na danna.
Baƙi.
Baƙi ƙirin, sai ɗan tsinke fari a kusurwa
yana ƙifta ido, yana ƙifta ido,
kamar wanda nake bi bashi
ya gan ni, ya rasa ta cewa.

Na kashe, na kunna.
Na cire batir na hura masa iska,
maganin da ban taɓa jin ya warkar da kowa ba.
Na matsa F2 har yatsa ya yi tsami,
shuɗin zauren nan ya buɗe
inda linzami ba ya aiki, sai kibiya.
Na jawo faifai gaban layi,
na ce yau kai ne limami.
Ya amsa, bai ta da salla ba.
Sai wasu kalmomi biyu na Turanci
da alama mai bakin tsuntsu
tana jiran umarni
daga bakin da bai iya yarenta ba.

Aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Daga tsakar gida Gwaggo Dudu ta ce,
"Littafi dai ba ya suma."
Ban tanka ba.
Gobe Alhaji Gidado zai tambayi lissafin mutanen Aba,
ni kuwa abin da ke cinyata
madubi ne baƙi, fuskata kaɗai a ciki.

Da asuba na kira Bajoga.
Muryarsa da sauran barci:
"Da aka tambaye ki inda za a ajiye mai tashinta,
me kika zaɓa?"
Na ce ban zaɓa ba, na danna gaba.
Ya yi shiru. Sai dariya, har da tari.
"Kin gina gida a Gombe,
kin bar mabuɗin a aljihuna."

Filashin ya dawo da hantsi cikin ambulan,
direba ya karɓi ɗari biyar, bai ko gaishe ni ba.
A rumfar mai caji na soka shi.
Ta buɗe ido kamar ba ita ba.

Bappayo na karanto min layin a waya,
harafi bayan harafi, ina bi da yatsa ɗaya,
masu babur na ta hon a kunnena.
"A ƙarshe a ce, ba b ba.
B nawa ne. A naki."
Harafi ɗaya ashe
tsakanina da barcin jiya.

Na zare jan murfin, na ajiye nesa,
yadda ake janye hannu daga yaro mai koyon tafiya.
Na danna.
Baƙi.
Ɗaya, biyu, uku,
tsinken ya ƙifta sau ɗaya,
sannan haske.

Buhu ɗari da arba'in da biyu ne.
Da ka na faɗa, da na ci biyun.

Da yamma na biya kasuwa
na sayi littafi mai kauri, mai baƙin bango.
Ban gaya wa Gwaggo ba.